Hazo da Hayaƙi a Kasuwar Singa: Yadda Girman Ƙwayar Ƙura Yake Rina Sararin Sama

Idan damina ta ɗauke, kaka ta wuce, iskar hunturu ta fara busowa daga arewa maso gabas wajen watan Nuwamba, akwai wani kaya da yake sauka a Kasuwar Singa ta Kano wanda ba tirela ce ta kawo shi ba, ba ɗan dako ne ya sauke shi ba, kuma babu attajirin da ya aika a sayo masa shi, amma duk da haka babu sito, babu rumfa, babu katan ɗin madara ko buhun sukari da ba ya samun rabonsa daga gare shi. Wannan kaya shi ne hazo. Yaran shago su ne suka fi kowa saninsa, domin su ne masu kaɗe shi da tsumma da safe, su sake kaɗe shi kafin azahar. Masu tura kura suna saninsa a maƙogwaro, direbobin da suka yi lodin taliya da fulawa da man girki za su nufi Maraɗi ko Damagaram suna saninsa a gilashin mota. A irin waɗannan ranaku gaisuwar kasuwa ma takan sauya, sai ka ji ana cewa, "Alhaji, an tashi lafiya? Yaya aka ji da hazon nan?" shi kuwa ya amsa da cewa lokacinsa ne. Wanda ya hau bene a Fagge ya dubi wajen Dutsen Dala ba zai ga kome ba sai fari, rana kuwa tana rataye a sama kamar an shafe ta da farar ƙasa, har yaro yana iya zuba mata ido ba tare da ya runtse ba, ko da yake yin hakan ba shi da kyau ga ido a kowane hali.

Abin da ya kamata mai hankali ya tsaya ya yi tunani a kansa shi ne, wannan rana ita ce dai ta watan Agusta, wannan sama kuma ita ce wadda take yin shuɗi kamar an tsamo ta daga marinar Ƙofar Mata idan an yi ruwa da dare gari ya waye tangaran. Ba a sauya rana ba, ba a sauya idon mai kallo ba. Abin da ya sauya shi ne girman ƙwayoyin da suke yawo a cikin iska tsakanin rana da ido, kuma wannan girman, wanda ya yi ƙanƙantar da babu ma'aunin kasuwa da zai iya kama shi, shi ne yake hukunta ko sama za ta yi shuɗi, ko fari, ko ja, ko ruwan toka.

Kafin a fahimci wannan mas'ala sai an san ma'auninta. Idan aka raba milimita ɗaya gida dubu, kowane kashi sunansa maikiron, kuma kaurin gashin kan mutum yana kai wajen maikiron 70. Shi haske yana tafiya ne taguwa-taguwa, kuma kowane launi yana da tsawon taguwarsa: shuɗi yana wajen maikiron 0.45, kore ya ɗara shi kaɗan, ja kuwa ya kai wajen 0.7. Farin hasken rana gamayyar waɗannan launuka ne duka. To, duk lokacin da haske ya ci karo da wata ƙwaya a cikin iska, abin da zai faru ya dogara ne ga amsar tambaya guda: shin ƙwayar ta fi taguwar hasken ƙanƙanta da nisa, ko sun yi kusan daidai, ko kuwa ta fi ta girma? Hukunci uku ne mabambanta, kuma dukansu uku ana ganinsu a Singa a wuni guda.

Malaman da suka gabata ba su gafala daga wannan tambaya ba. Al-Kindi, masanin falsafa na Bagadaza wanda ya rayu a ƙarni na 9, ya rubuta risala a kan sababin launin shuɗi da ake gani a sama, inda ya ƙi yarda cewa launin na ita samar ne a zatinta, ya ce yana samuwa ne daga cuɗanyar duhun da yake can bisa da hasken da yake dokan ƙura da tururin da suke cikin iska. Bai kai ga cikakkiyar amsa ba, amma ya nuna ƙofar da za a shiga, wato cewa a nemi launin a cikin abin da yake yawo a iska. Sai bayan kimanin shekara dubu, a 1869, John Tyndall a Ingila ya cika bututun gilashi da tururi mai laushin gaske, ya haska shi da fitila, ya ga ya yi shuɗi idan an kalle shi daga gefe. Bayan shekara biyu, a 1871, John William Strutt, wanda daga baya aka fi sani da Lord Rayleigh, ya fitar da ƙa'idar da hisabi, a 1899 kuma ya nuna cewa ba a ma bukatar ƙura, ƙwayoyin iskar da muke shaƙa su kansu sun isa su rina sama. Waɗannan ƙwayoyi sun fi taguwar haske ƙanƙanta fiye da sau dubu, kuma ɗabi'ar duk abin da ya kai wannan ƙanƙanta ita ce nuna bambanci tsakanin launuka: yana watsa mai gajeriyar taguwa sosai, ya ƙyale mai doguwa ya wuce. Idan tsawon taguwa ya ragu da rabi, watsuwar takan ninku sau 16, saboda haka shuɗi yana watsuwa kusan ninki shida na ja. Duk inda mutum ya juya idonsa a sama mai tsabta, wannan shuɗin da aka fizge daga hasken rana aka warwatsa shi ne yake faɗo masa a ido.

Jan da ake gani a yamma da almuru ɗan'uwan wannan shuɗin ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Idan rana ta sauka gab da faɗuwa, haskenta yana ratsa iskar da ta kai kusan ninki 38 na wadda yake ratsawa da tsakar rana, kafin ya iso an riga an tsince shuɗin da yake cikinsa an raba wa garuruwan da suke yamma da mu, sai ja da ruwan ɗorawa su ne suke saura. Wannan ne ya sa faɗuwar rana ta ƙarshen damina, lokacin da ruwa ya wanke iska, take da jan da ba a samun irinsa a Janairu.

Amma ƙa'idar Rayleigh tana da iyaka, kuma iyakarta ita ce girma. A cikin ƙananan ƙwayoyi, idan faɗin ƙwaya ya ninku sau biyu, hasken da take watsawa yana ninkuwa sau 64, sai dai wannan hauhawa ba ta ɗorewa. Da zarar ƙwayar ta kusa kai tsawon taguwar haske sai hukuncin ya sauya gaba ɗaya. Gustav Mie, wani malamin Jamus, shi ne ya warware hisabin wannan fanni a 1908, yana binciken dalilin da ya sa ɓurɓushin zinariya a cikin ruwa yake ba da launi dabam-dabam gwargwadon laushinsa, ko da yake Ludvig Lorenz na ƙasar Denmak ya riga shi kai wa ga irin wannan hisabi a 1890. Abin da ya fito daga aikinsu abu biyu ne. Na farko, ƙwayar da ta fi taguwar haske girma ba ta zaɓen launi, tana watsa shuɗi da kore da ja daidai wa daida, gamayyarsu kuwa fari ce. Tururin da yake tashi daga tukunyar mai shayi a bakin Titin Bello fari ne saboda ɗigon ruwa ne masu maikiron da yawa, gajimare ma haka, domin ɗigonsa yana wajen maikiron 10 zuwa 20. Kuma a kan wannan asali ne ƙwayar sukari guda take garai-garai kamar gilashi idan an ɗaga ta ga haske, alhali buhu guda fari ne fat, saboda hasken yana ta karo da fuskoki dubbai yana komowa ba tare da an rage masa wani launi ba. Na biyu, babbar ƙwaya tana tura mafi yawan hasken gaba, wajen da ya nufa tun farko. Shi ya sa a ranar hazo ake ganin wata farar da'ira mai kashe ido kewaye da rana, shi ya sa kuma direban da ya nufi gabas da hantsi da ƙura a gilashinsa yake wahalar ganin hanya, alhali wanda ya ba rana baya da irin wannan gilashin yana gani sarai.

Ƙwayoyin hazo suna cikin wannan aji na manya, galibinsu daga wajen maikiron ɗaya zuwa goma ko fiye, don haka suke shafe shuɗin sama da fari. Asalinsu kuwa abin mamaki ne. A arewacin Chadi, fiye da kilomita dubu daga Kano, akwai wani kwari da ake kira Bodele, kusa da garin Faya, wanda kimanin shekara 7,000 da suka wuce yake ƙarƙashin wani tafki da faɗinsa ya fi sulusin ƙasar Nijeriya, wanda Tafkin Chadi na yau ɗan ragowarsa ne kawai. A cikin ruwan nan waɗansu ƙananan halittu masu ɓawo irin na gilashi suka rayu, suka mutu, ɓawonsu ya taru a ƙasa zamani bayan zamani, da ruwan ya ƙafe sai ya bar wata farar ƙasa mara nauyi mai saurin dagargajewa. Allah cikin ikonsa ya ajiye duwatsun Tibesti a gefe guda, na Ennedi a ɗaya gefen, iskar hunturu tana matsewa a tsakaninsu ta fito da ƙarfi ta doki wannan kwari, ta ɗaga ƙura wajen kwana ɗari a shekara, har masana suna ƙidaya shi a matsayin wurin da ya fi ko'ina tayar da ƙura a duniya. Ba daga nan kaɗai hazonmu yake zuwa ba, Hamadar Tenere da kewayen Bilma ma suna ba da nasu, amma Bodele ne babban rumbu. Ashe farin garin da yaron shago yake sharewa daga kan katan ɗin sabulu, wani sashensa gawar halittun ruwa ce daga tafkin da ya bushe tun kafin a san za a kafa birni a gindin Dala.

A kan hanyarta iska tana yi wa wannan ƙura abin da rariya take yi wa garin tuwo, tsaki ya tsaya, lallausan ya wuce. Ƙa'idar da George Stokes ya fitar a 1851 ta nuna cewa saurin faɗuwar ƙaramar ƙwaya a cikin iska yana bin faɗinta ne ninki a kan ninki: mai maikiron 10 tana sauka mita ɗaya a cikin kimanin minti biyu, mai maikiron ɗaya kuwa sai ta yi wajen awa uku kafin ta sauka wannan mita ɗin, ko da iska tana tsaye cik. Saboda haka yashi yana zubewa tun a hamada, matsakaiciyar ƙura tana sauka a Barno da Kano, wadda ta isa Ikko ta fi tamu laushi, wadda ta fi kowa laushi kuma ta haye teku. Grant McTainsh, wanda ya tara ƙurar hunturu a Kano a ƙarshen shekarun 1970 ya auna ta, ya buga sakamakon aikinsa a 1980, yana cikin waɗanda suka tabbatar da cewa ƙasar nomanmu kanta tana samun ƙari daga abin da hazo yake ajiyewa kowace shekara, abin da manoma suka daɗe suna faɗa cewa shekarar hazo shekarar albarka ce. Tun a Janairun 1832 Charles Darwin ya tara irin wannan ƙura a kan jirgin ruwa kusa da tsibiran Kef Bade, da aka duba ta a madubin ƙara girma a Jamus sai aka sami ɓawon halittun ruwan daɗi a cikinta, a tsakiyar ruwan gishiri.

Yana da kyau a bambanta wannan baƙuwar ƙura da ta gida. Wadda tayoyin tirela suke tayarwa a lungunan Singa ja ce, saboda tsatsar ƙarfen da take cikin jar ƙasarmu tana shanye shuɗi ta bar ja, kuma ƙwayoyinta manya ne, kafin motar ta sha kwana rabinta ya kwanta. Ta hunturu fara ce mai ɗan ratsin rawaya, ba ta kwanciya da wuri, kuma ta cika sama har tsawon kilomita ɗaya ko biyu. Wannan kauri nata shi ne yake haɗiye rana tun ba ta kai ga faɗuwa ba, ka ga ta dushe ta zama farin faifai, ta ɓace a cikin toka-toka alhali da sauran tazara tsakaninta da ƙasa. Masu allon sola a kan rufin shagunansu sun san hasarar da ke cikin wannan sau biyu, ta ƙurar da take sama da ta wadda ta kwanta a kan allon.

Yanzu sai mu zo ga aji na tsakiya, wanda ni a ganina shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin shi ne wanda hannunmu yake ciki. A ɗauki ƙwaya guda mai maikiron 10, a farfasa ta zuwa ƙwayoyi masu maikiron ɗaya: za a sami guda dubu, kowacce inuwarta kashi ɗaya cikin ɗari na ta uwar, idan aka haɗa inuwoyinsu sun ninka ta farko sau goma, alhali nauyin bai ƙaru da ko ƙwayar zarra ba. Idan aka ci gaba da niƙawa, ikon tare haske yana ta ƙaruwa har a kai wajen rabin maikiron, inda ƙwaya ta yi daidai da taguwar haske. Daga nan idan aka ƙara niƙawa sai ikon ya faɗi warwas, ƙwayar ta koma ƙarƙashin hukuncin Rayleigh, ta zama kusan ba a ganinta. Ma'ana, akwai wani girma na musamman wanda a cikinsa ɗan abu kaɗan yake rufe gari, kuma a kusa da wannan girma ne hayaƙi yake zama bayan ya ɗan jima a iska ƙwayoyinsa sun manne wa juna. Awo guda na hayaƙi ya fi awo guda na ƙurar hamada duhunta gari ninki da yawa.

Wanda ya tsaya a Singa da yamma, lokacin da aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, zai iya karanta girman ƙwaya daga launin hayaƙi kamar yadda dillali yake gane shinkafa daga ganin ƙwayarta. Hayaƙin ƙaramin janareta mai shan fetur gauraye da baƙin mai shuɗi-shuɗi ne idan an kalle shi a jikin bango mai duhu, domin ɗigon man da bai ƙone ba ƙanana ne ƙwarai, suna zaɓen shuɗi su watsa. Wannan hayaƙin kuma, idan aka kalli farar sama ta cikinsa, sai ya koma ruwan ƙasa, saboda an cire shuɗin daga hasken da ya ratso. Hayaƙin tsohuwar tirela mai shan gas baƙi ne, kuma baƙinsa ba na watsawa ba ne, na shanyewa ne, domin gawayi ne tsantsa mai haɗiye kowane launi ya mai da shi zafi. Na ɗanyen itace fari ne saboda ruwa da mai sun kumbura ƙwayoyinsa. A daren sanyi, lokacin da ƙasa ta huce iskar da take kanta ta yi nauyi ta ƙi tashi, duk wannan hayaƙi, haɗe da na A Daidaita Sahu da na murhun gidaje da na sharar da ake ƙonawa, yana kwanciya a kan Fagge da Sabon Gari har hantsi. A farkon 2006, masanan da suka yi ta shawagi da jirgin sama mai na'urori daga Yamai sun tarar da cewa saman Afirka ta Yamma a rani hawa biyu ce: ƙurar hamada a ƙasa, hayaƙin ƙunar daji daga kudu a bisanta. Saboda haka abin da muke tara shi duka mu kira shi hazo, mu ce daga Allah ne, haƙiƙa wani kaso nasa daga hamada yake, wani kaso kuwa daga bututun injinmu da ashanarmu.

Wannan bambanci bai tsaya ga ido ba, ya kai ga ƙirji, kuma a nan ne abin yake damuna. Hanci da maƙogwaro suna tare mafi yawan ƙwayoyin da suka haura maikiron 10, shi ya sa ranar hazo take zuwa da atishawa da kaikayin wuya da majina mai launin ƙasa. Waɗanda suka gaza maikiron biyu da rabi kuwa suna wucewa har can ƙarshen huhu inda iska take saduwa da jini, kuma hayaƙi kusan dukansa a wannan aji yake, tare da lallausan kason hazo. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2021, ta sa iyakar waɗannan ƙanana a maikirogiram 15 cikin kowace mita mai fuska shida ta iska a wuni guda, ta sa ta manyan a 45, wato ta fi tsananta wa ƙananan sau uku. Ɗan dakon da yake ɗauke da buhu mai kilo 50 yana jan numfashi da baki, ya tsallake tacewar hanci, kuma yana yin haka ne a bayan motar da aka bari injinta yana aiki tun da aka fara lodi. Rawani da ƙyallen da ake rufe fuska da su suna tare tsakin ƙura, wannan kuwa alheri ne ba kaɗan ba, musamman da yake likitoci sun daɗe da lura cewa lokacin bushewar iska da ƙura shi ne lokacin sanƙarau a ƙasashenmu, kamar annobar 1996 da Kano ba ta manta ba. Amma saƙar ƙyalle ba ta tare hayaƙi. Hazo ba mai iya hana shi zuwa. Kashe injin motar da take tsaye, da gyara janareta, da fitar da shi daga cikin lungu mai rufi, waɗannan suna hannun masu kasuwa da shugabanninsu, kuma kuɗinsu bai kai na maganin tari da asma ba.

Masu ilmin yanayi sun mai da wannan bambancin launi ya zama ma'auni. Anders Angstrom na ƙasar Suwidin ya nuna a 1929 cewa idan aka auna yadda hasken rana yake raguwa a launi biyu aka gwama, za a fitar da adadi guda mai nuna girman abin da yake sama: yana kai 4 a iska tsantsa, yana tsakanin 1 da 2 a hayaƙi, yana gangarowa kusa da sifili a ƙurar hamada, tunda ita ba ruwanta da launi. Akwai na'urorin da suke bin rana suna wannan awo a Jami'ar Ilori da kuma Banizumbu kusa da Yamai tun shekarun 1990. A filin jirgin sama na Malam Aminu Kano kuwa, wanda ba shi da nisa da kasuwar, abin da ake aunawa shi ne nisan gani, kuma idan ya gaza mita 1,000 hukumar kula da yanayi ta NiMet tana kiransa hazo mai kauri, jirage su yi ta jinkiri ko a karkatar da su. Birni mai girman Kano, wanda yake zaune a bakin ƙofar wannan ƙura, ya cancanci a ce ana auna ƙananan ƙwayoyi a manyan kasuwanninsa kullum ana sanar da jama'a a rediyo kamar yadda ake sanar da farashin hatsi.

Akwai kuma wata fuska ta wannan ilmi da ta shafi ibada, domin shari'a ta rataya lokutan salla a kan alamomin da dukansu aikin watsuwar haske ne. A mazhabar Malikiyya lokacin muhtari na la'asar yana ƙarewa idan rana ta yi fatsi-fatsi, wato lokacin da ta sauka har iska ta fara tsince shuɗin haskenta. Lisha tana shiga idan shafaƙi ya ɓace, shafaƙi kuwa a wurin Imamu Malik shi ne jan, alhali an ruwaito daga Imamu Abu Hanifa cewa farin da yake saura bayan jan ne. Dukansu biyu hasken rana ne da ya riga ya faɗi a gare mu amma yana dokan iskar da take can bisa. Ibn Mu'az, alƙalin garin Jayyan a Andalus a ƙarni na 11, ya yi amfani da wannan ya ƙiyasta tsawon iskar duniya: ya ɗauka cewa shafaƙi yana ƙarewa idan rana ta yi daraja 19 a ƙarƙashin ƙasa, ya fitar da mil hamsin da 'yan kai, adadin da bai yi nisa da gaskiya ba. Alfijir na ƙarya kuwa, wanda yake tasowa tsaye siriri kafin na gaskiya ya shimfiɗu a kwance, shi ma ƙura ce take watsa shi, sai dai ba ƙurar duniya ba ce, ƙura ce da take yawo tsakanin taurari masu kewaya rana. A cikin hazo mai kauri waɗannan alamomi sukan rikice wa mai duba, rana ta dushe tun da sauran wuni, jan shafaƙi ya ƙi bayyana ko ya mutu da wuri. Dushewar da ƙura ta jawo ba ta nuna cewa rana ta sauka, don haka ladanan masallatan kasuwa suna da hujja idan suka dogara ga jadawalin hisabi da agogo a irin waɗannan ranaku.

Ganin wata ya fi kowanne shan wahala. Jinjirin daren farko yana tsayawa ne ƙasa-ƙasa a yamma, kuma idan tsayinsa daraja 10 ne haskensa yana ratsa iskar da ta kai ninki biyar da rabi na ta tsakar sama, idan daraja 5 ne kuwa wajen ninki goma; ga shi kuma yana kusa da inda rana ta faɗi, daidai wurin da manyan ƙwayoyi suke zuba farin haskensu, sai ya zama an rage hasken watan, an kuma ƙara hasken abin da yake bayansa. Shari'a ta riga ta ba da mafita, idan an rufe wa mutane sama su cika talatin. Amma lamarin zai ƙara matsowa kusa da mu a shekarun nan, domin azumi yana ja baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara: ya kama a farkon Maris a 2025, zai ratsa Fabrairu da Janairu, a 2030 zai kama sau biyu, a farkon Janairu da ƙarshen Disamba, ba kuma zai fita daga hunturu ba sai bayan 2033. Ke nan kwamitin ganin wata na fadar Sarkin Musulmi zai yi kusan shekara goma yana neman jinjirin Ramalana da na Shawwal a cikin ƙurar Bodele, kuma masu duba daga rufin benayen Kano suna da hayaƙin birni a kan wannan, abin da zai sa shaidar mutanen karkara, da ta garuruwan da hazo ya yi wa sauƙi a wannan dare, ta fi ta mutanen birni samuwa.